Amsar da Sabar Taswira ta Ba Jauro Buba

Litinin: Kano zuwa Haɗeja

Na bar gida ƙarfe biyar saura kwata, na yi sallar asuba a masallacin tasha. A jakata akwai kwamfuta, da ƙaramin faifan ajiya mai ɗauke da aikin wata uku, da kaya kala biyu. Motar Haɗeja ta cika ƙarfe shida da minti goma. Na biya naira dubu shida na kujerar gaba don kada a danne mini jaka. Tafiyar kusan kilomita ɗari biyu ce.

Ga waɗanda ba su san abin da ya kai ni ba: wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Haɗeja tana da kwamfuta guda a ofishinta, a kanta kuma akwai sabar taswira. Saba manhaja ce da ke zaune wuri ɗaya tana amsa tambayoyin da wayoyi da kwamfutoci ke aiko mata. Wannan ta kyauta ce, masu rubuta manhaja na ƙasashe da yawa suka haɗu suka gina ta, kowa yana iya buɗe cikinta ya ƙara abin da yake so. Ta iya nuna taswira, ta iya fitar da iyakar gona. Abin da ba ta iya ba shi ne amsa tambayar da mutanen fadama ke yi duk damina: idan kogi ya kai kaza, ruwa zai iso inda nake? Ni na rubuta ƙaramar hidimar da za ta amsa wannan. Aikina shi ne in je in dasa ta cikin sabar, in gwada ta a fili.

Mun wuce Gezawa da Ringim ana yayyafi. Kafin Taura jami'an wani shinge suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya nuna jakata.

"Mene ne a ciki?"

"Kwamfuta ce, ranka ya daɗe."

"Ta sayarwa?"

"Ta aiki."

Ya ɗaga mana hannu. A Gujungu direba ya ba mu minti goma sha biyar, na sha koko da ƙosai a tsaye. Da muka kama hanyar Kaugama na tambaye shi ko ruwa ya zo Haɗeja.

"Yana hanya," in ji shi. "Shekaranjiya na ga ya kama ƙafar gada. In aka sako na dam ɗin sama kuwa, sai dai addu'a."

Mun shiga gari ƙarfe goma saura minti ashirin.

Sakataren ƙungiyar, Malam Garba, shi ya tarbe ni a tasha da babur ɗinsa. Tsohon malamin gona ne, siriri, ba ya yawan magana, waya biyu a aljihun gaba. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a bayan shagon mai sayar da taki. Kwamfutar tana kan tebur an rufe ta da zani, batirin hasken rana yana ƙasa.

Dasa hidimar bai ɗau lokaci ba. Na kashe sabar, na kwafi manhajata cikin aljihun da take ajiye ƙare-ƙare, na rubuta sunanta a takardar rajista don mai rarraba tambayoyi na cikin sabar ya san an buɗe sabuwar taga, ya riƙa turo mata nata. Na kunna. Karon farko ta ƙi tashi, saboda na yi kuskuren harafi ɗaya a sunan. Na gyara, na sake kunnawa, na tambaye ta jerin abin da ta iya. Sunan hidimata ya fito na huɗu a layi.

Yadda take aiki ba wuya. Ƙungiyar tana da shatin ambaliya da aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam na daminun baya, kowane shati da layinsa a ma'aunin ruwan da ke jikin gada. Ka ba hidimar lambobin wuri, ka faɗa mata layin da ruwa yake, sai ta duba ko wurin ya faɗa cikin shati. In bai faɗa ba, ta ce ruwa ba zai kai ba. Ranar ruwa yana layi na huɗu, ana sa ran na biyar cikin mako.

Na ce Malam Garba ya ba ni wurare biyu da ya sani sarai. Ya ba ni gonar geronsa da ta ƙaninsa, duka a arewacin gari. Hidima ta ce ruwa ba zai kai ba.

"Haka ne," in ji shi. "Tun ina yaro ruwa bai taɓa zuwa can ba."

"To ta yi aiki," na ce.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ƙara da cewa kada a aika wa kowa amsa sai mun gwada a fadama ba. Na ɗauka ya sani. Bayan la'asar ya kai ni masauki kusa da kasuwar kifi, ɗaki mai fanka da gidan sauro. Na ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, na kwanta da wuri.

Talata: Auyo

Mun tashi ƙarfe bakwai a babur ɗin Malam Garba. Daga Haɗeja zuwa Auyo kamar kilomita ashirin ne, mun yi minti arba'in saboda ramuka cike da ruwa. Daga bakin titi muka gangara cikin shinkafa har inda babur ya daina tafiya. A nan wani dattijo mai kwalekwale, Baba Maina, yake jiran mu. Masunci ne kuma yana noman shinkafa, shi ƙungiya ta roƙa ya zaga da mu.

Ya tuƙa mu ta wata siririyar hanya tsakanin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye magudanan ruwan yankin. Ta fi tsayin mutum, ba ka ganin komai sai sama. Bayan rabin awa muka fito wata gona. Ruwa ya haye kunyoyi, kan shinkafar kawai ke leƙowa.

"Tawa ce," in ji Baba Maina. "Tambayi abin naku."

Na ɗauki lambobin wurin da waya, na aika. Sai da na miƙe tsaye cikin kwalekwale na ɗaga hannu sannan saƙon ya tafi. Amsa ta dawo: ruwa ba zai kai ba.

Na karanta masa. Ya soka gorar tuƙinsa a gonar, ya zaro, ya nuna mini inda ta jiƙe. Ya kai gwiwar mutum.

"Ɗana, ka gaya mata ya riga ya kai."

Na ɗauka wayar ce ba ta kama wurin daidai ba. Muka matsa gaba, na sake aikawa. Amsa ɗaya. Na sa ya kai ni tsakiyar kogi, inda gorar ba ta taɓa ƙasa, na aika daga nan. Hidimata ta ce ruwa ba zai kai ba.

A lokacin na lura da Malam Garba. Ya ciro waya ɗaya, ya mayar, ya ciro ɗayar.

"Malam Nasiru," ya ce, "jiya da yamma na aika wa mutum huɗu amsa."

"Wace amsa?"

"Irin wannan. Sun daɗe suna tambaya. Ka ce ta yi aiki."

Na ce haka na faɗa. Baba Maina ya juya kwalekwale ba tare da an ce masa komai ba.

Mun koma ofis ƙarfe ɗaya da rabi. Na kira Hauwa, abokiyar aikina a Kano, wadda ta fi ni sanin cikin wannan saba. Na karanta mata abin da sabar ta rubuta a littafin ayyukanta.

"Ka ɗauki lambobin yadda hidimarka ta karɓe su," in ji ta, "ka zana su a taswirar ƙasa baki ɗaya. Faɗa mini inda suka faɗa."

Na zana. Ɗigon gonar Baba Maina ya faɗa can cikin Adamawa.

Kowane wuri yana da lamba biyu, ta arewa da ta gabas. A nan ta arewa sha biyu ce da ɗoriya, ta gabas kusan goma. A Kano na gwada hidimata ita kaɗai, ina ba ta ta gabas tukuna, haka na rubuta ta. Amma da ta shiga cikin saba, ba ni ke miƙa mata lambobi ba, mai rarraba tambayoyi ne, shi kuwa yana bin ƙa'idar da ke sa ta arewa a gaba. Sai lambobin suka juye. Da sun faɗa cikin teku da na gane tun jiya. Sun faɗa a ƙasa busasshiya, nesa da kowane shatin ambaliyar Haɗeja, don haka duk wanda ya tambaya aka ce masa yana tudu. Gonakin gwajin jiya kuwa dama tudu ne.

"Kada ka juya su da hannu," in ji Hauwa. "Wata waya za ta zo da tsohuwar ƙa'ida mai sa ta gabas a gaba, ka sake juyewa. Ka tambayi sabar tsarin da lambobin suka zo da shi, ita za ta daidaita maka."

Layi shida na canza. Na sake haɗa manhajar, na kwafa, na kashe saba na kunna. Na saka tsakiyar kogi, ta ce ruwa. Na saka gonar Baba Maina, ta ce ruwa tun layi na uku. Na saka gonar geron Malam Garba, ta ce ba zai kai ba.

Sai muka bi mutum huɗun. Biyu amsarsu ba ta canza ba. Na uku manomin shinkafa ne, Malam Garba ya same shi a waya, mutumin ya yi dariya ya ce dama bai yarda ba. Na huɗu shi ne Jauro Buba, makiyayi a ƙasar Miga. Ya tambaya ne game da wani ɗan tsibiri a cikin fadama, inda yake so ya mayar da shanunsa don su yi nesa da gonakin mutane har a yi girbi. Malam Garba da kansa ya ɗauki lambobin wurin kwanakin baya. Yanzu hidima ta ce a layi na biyar hanyar shiga za ta yanke, a na shida tsibirin zai nutse.

Wayar Jauro a kashe. Malam Garba ya kira har magariba, ya kira wani mai shago a ƙauyensu. Mai shagon ya ce ya ga garken ya gangara fadama tun da safe.

Laraba: ƙasar Miga

Mun fita ƙarfe shida saura kwata. Mun tsaya a gada, Malam Garba ya sauka ya duba ma'auni. Ruwa ya rufe layi na huɗu, saura kamar tafin hannu ya taɓa na biyar. Mun sake bi ta Auyo, daga nan muka saki kwalta. Agogon babur ya nuna kilomita hamsin da huɗu da muka isa ƙauyen, ƙarfe takwas da rabi. Sau biyu muka sauka muka tura. Mun bar babur wurin mai shagon, ya nuna mana hanya da hannu.

Tafiyar ƙafa ta yi minti arba'in. Farko laka, sannan ruwa zuwa idon sawu, sannan zuwa gwiwa. Na ɗaura jakata a ka. Tsibirin ɗan fili ne mai ciyawa da bishiyoyin giyayya uku. Shanu suna kwance suna tuƙa. An kafa bukka biyu sababbi, mata suna tatsa.

Jauro Buba dogo ne, ya fara furfura, malafa a kansa. Ya shimfiɗa mana buzu, aka kawo kindirmo a ƙwarya. Sai da aka gama gaisuwa, aka tambayi gida da dabbobi, sannan Malam Garba ya ce ga wanda ya yi na'urar, yana da magana.

Na ce, "Jauro, amsar da aka aiko maka shekaranjiya kuskure ce. Ba ta wannan wurin ba ce. Na'urar ta duba wani wuri can Adamawa. Laifina ne, ba na Malam Garba ba. Na gyara. Yanzu ta ce wurin nan zai nutse."

Ya dubi shanunsa.

"Shekaranjiya tudu, yau kwari," ya ce. "Gobe fa, Malam?"

"Gobe ma kwari."

"Da me zan sani?"

Ba ni da abin da zan nuna masa. Babu sabis a wurin, taswirar da ke kwamfutata kuma zane ne kawai, irin wanda ya ruɗe shi. Na ce jiya na gwada ta a wurare uku da masu su suka sani, ta faɗi daidai. Malam Garba ya ce shi shaida ne, ya kuma faɗa masa abin da ya gani a gada.

Jauro ya miƙe ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bakin ruwa ta gabas, ya nuna wani kara da aka kafa a laka, an ɗaure masa zare.

"Da asuba na ɗaura zaren nan daidai kan ruwa."

Zaren yana ƙasan ruwa da yatsa uku.

"Ni ma ban saki jiki ba," ya ce. "Mahaifina ba ya kwana a nan in Agusta ta raba. Amma na ce ku masu karatu kuna gani daga sama. Ga kuma manoma sun matsa mini a inda nake. Sai na taho."

Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya yi wa ƙannensa biyu magana da Fulatanci, suka fara kwance bukkoki.

An fara ƙetarawa ƙarfe goma sha ɗaya. Inda muka bi ruwa na gwiwa, yanzu ya kusa cinya, a tsakiya kuma yana ja. Manyan shanun suka shiga da kansu bayan wata farar saniya. Matsalar maruƙa ce. Akwai biyar ƙanana, ɗaya haihuwar daren jiya. Jauro ya ɗauki wannan a wuya, uwar tana bin sa tana kuka. Ƙannensa suka ɗauki biyu, Malam Garba ya naɗe wando ya ɗauki ɗaya. Na biyar aka ɗora mini. Na ba wata mata jakar kwamfutata ta haɗa da ƙorenta a ka. Maraƙi ya fi yadda ake zato nauyi, kuma yana harbi. Sau ɗaya ƙafata ta zame na durƙusa, ruwa ya kai mini ƙirji, ban sake shi ba. Mun fito tudu ƙarfe ɗaya saura. Jauro ya bi garken da ido sau biyu, ya ce sun cika.

A nan mai shago ya same mu da labari. Wurin kiwon da Jauro ya bari jiya, wani garke daga kudu ya sauka a kai tun da hantsi. Ba wanda ya yi laifi, wuri ne aka gani babu kowa. Jauro ya saurara har ƙarshe.

"Sai Kaugama ke nan," ya ce. "Akwai ɗan'uwan matata can. Kwana biyu da maruƙan nan, in burtali bai toshe ba."

Na ce ko akwai abin da zan iya yi. Ya ce babu. Sannan ya tambaye ni, da na'urar ta ga wurin da ba na ƙasar nan ba, me ya hana ta cewa ba ta san shi ba? Na ce ban koya mata faɗin haka ba.

"To ka koya mata," ya ce. Ya ba mu hannu, ya bi bayan shanunsa.

Mun isa Haɗeja bayan la'asar. Kayana sun bushe a jikina. A masauki na sayi soyayyen kifin karfasa da gurasa, na ci rabi.

Alhamis: Haɗeja zuwa Kano

Ƙarfe bakwai ina ofis. Na zana iyakar duk yankin da ƙungiya ke da shatinsa, na sa hidima ta fara duba ta kafin komai. Wurin da ya faɗa waje, amsarsa yanzu ita ce ba ta da labarin wannan wuri, a tambayi ofis. Na kuma sa kowace amsa ta zo da sunan ƙauyen da ya fi kusa da ɗigon, don mai tambaya ya gane ko wurinsa aka duba. Na gwada da lambobi juyayyu da gangan, ta ƙi su. Hauwa ta gwada daga Kano ta tsohuwar ƙa'ida da sabuwa, duka suka faɗa wuri ɗaya. Na rubuta wa Malam Garba wurare shida a takarda, uku tudu uku kwari, na manna a bango: duk ranar da aka taɓa sabar, a gwada shidan kafin a aika wa kowa komai.

Ya kai ni tasha ƙarfe goma sha ɗaya. A hanya ya ce mai duba ma'auni ya kira, ruwa ya hau layi na biyar da safe. Motar ta tashi sha biyu da kwata. Tsakanin Haɗeja da Kaugama na riƙa duba gefen titi ko zan hangi garken, ban gan shi ba. Shinge biyu muka wuce, ba a tambayi jakata ba. Na iso gida ƙarfe huɗu da minti ashirin, na tarar da iyali lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Garba da babur ɗinsa da haƙurinsa, da Baba Maina da bai karɓi kuɗin tuƙi ba, da Hauwa, da matar da ta ƙetarar mini da kwamfuta ban ko san sunanta ba.

Bayan mako guda Malam Garba ya kira ni. Ruwa ya rufe tsibirin, kan giyayyun kawai ake gani. Jauro ya isa Kaugama a kwana uku, maraƙin da aka haifa a tsibirin ya mutu a hanya. Hidimar tana aiki, mutane suna tambaya kullum, ana ba su amsa. Jauro Buba yana ɗaga waya, suna gaisawa da Malam Garba. Bai sake aiko da tambaya ba.